Ganyen Gwaiba da Ruwan Azurfa

6 ga Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya kuma gwiwar da Mama ta ce tana damunka? Ni lafiya lau, sai aiki. Na san za ka juya takardar nan ka duba ƙarshenta don ka ga ko wace ce. Auta ce, ta wajen 'yar baffanka, wadda ke karatun kimiyyar sinadarai a nesa. Mama ta ce ba ka ɗaga waya saboda kunne, shi ya sa na rubuto.

Ba zan yi kwana-kwana ba, alfarma nake nema. Bara da na zo gaisuwar rasuwar Inna matarka, na tsinki ganyen gwaibar tsakar gidanka na taho da shi, kuma a kansa na gina aikin digirina na uku. Ina tafasa giram goma na garin ganyen a tataccen ruwa, in tace, in riƙa ɗiga shi cikin ruwan azurfa, wanda garau yake kamar ruwan sha. Cikin mintoci sai ya koma rawaya, ya ƙare da kalar baƙin shayi. Wannan kalar ita ce shaidar cewa ganyen ya mayar da azurfar 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda dubunsu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Da can da sinadarai masu guba ake wannan aiki, ni kuwa ganye ne ke yi mini. Idan na ɗiga shi a farantin da na raini ƙwayoyin cuta, washegari sai in tarar da da'ira fes, duk na kewayen sun mutu. Burina a sa shi a bandejin miki.

To ganyen ya ƙare. Farfesa, mai duba aikina, ya ce sai na maimaita gwajin sau uku a gaban kwamiti ranar 30 ga Mayu. Na sayi ganyen gwaiba a wani kanti a nan, da'irarsa ko rabin ta farko ba ta kai ba. Dole sai na bishiyar nan.

Ka tsinko manyan ganyaye masu lafiya, ka wanke, ka shanya a inuwa, kada rana ta taɓa su, sannan ka niƙa ka aiko da garin. Wanki kam ba ni zan koya maka ba. Wanda ya shekara talatin yana riƙe da kicin ɗin asibiti ya fi ni sanin yadda ake wanke ganye, ka yi yadda ka saba.

'Yarka,
Auta

2 ga Fabrairu

Dakta,

Ko ba a kai can ba tukuna? Wa'alaikis salam. Gwiwa tana nan inda Allah ya ajiye ta, na gode wa uwarki da ta san da zamanta daga nesa. Wata huɗu Innarki ta yi a gadon asibiti uwarki ba ta san hanyar ba, amma labarin gwiwata ya isa har inda kike.

Ban juya takarda ba. Na gane ki tun layi na biyu, don a danginku ba a gaishe ni sai da buƙata a hannu ɗaya.

Na tuna zuwanki sarai, ai akwai agogo a bangon falo. Minti goma kika yi a zaune, ko shayin da aka ajiye miki ba ki taɓa ba. Minti arba'in kika yi a kan bishiya. Mutane suna shigowa yi mini gaisuwa suna ganin ƙafafunki a reshe, har wani abokin aikina ya tambaye ni ko mai gyaran wayar lantarki ce. Ba ki tambaye ni ba, ba ki yi mini sallama ba. Bishiyar nan ita ta dasa ta da hannunta shekarar da muka tare a gidan. Na daɗe ina son in gaya miki abin ya yi mini ciwo, yau na samu adireshinki.

Duk da haka na yi aikinki, don mai bishiyar ba ta taɓa hana kowa ganye ba. Na tsinko da sandar ƙugiya, na wanke yadda ake wanke ganye, na shimfiɗa a kan gadon ɗakin baƙi na rufe labule. Kwana goma ya yi. Na niƙa a injin markaɗe bayan na goge shi da kaina, na tankaɗe. Ga shi nan a kwalbar da na dafa a ruwan zafi kafin in zuba.

Zancen azurfa kuwa, wadda na sani zobe ake yi da ita. Idan taku shayi take zama, Allah ya ba da sa'a. Ki sanar da ni isowarsa, in ba zai cinye miki lokaci ba.

Kawunki,
Kuku

24 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata jiki da sauƙi. Ni dai ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Saƙo ya iso, na gode. Maganar ranar gaisuwa na karanta ta, ba yanzu zan amsa ba, don abin da ke gabana ya fi ƙarfina.

Garin bai yi ba. Ina ɗiga ruwansa cikin ruwan azurfa, maimakon kalar shayi sai ya yi fari, kamar an zuba madara a ruwa, can kuma ya kwanta a gindin kwalba ya dunƙule. Sau tara na gwada. Ruwan famfo kan jawo haka, don haka na zargi injin tace ruwanmu, na yi kaca-kaca da mutumin da ke kula da kayan ɗakin gwaji, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. Na sake wanke kwalabe ɗaya bayan ɗaya, na buɗe sabon sinadari. Fari dai, fari dai.

Shekaranjiya Farfesa ya kira ni ofishinsa, ya karɓi littafin da nake rubuta sakamako, ya sa a aljihun tebur ya kulle. Bai ce na yi ƙarya ba. Cewa ya yi sakamakon da ba ya maimaituwa, kwamiti yana da suna ɗaya da yake kiransa da shi. Kawu, idan suka yanke cewa ƙirƙirar lambobin na yi, korata za a yi, kuma ba ɗakin gwajin da zai sake buɗe mini ƙofa. Shekara huɗu ke nan na ba wannan karatu.

Don haka ka yi haƙuri da tambayata, amma ina son gaskiya. Daga bishiyar gidanka ka tsinko? Na san akwai wata gwaibar a gidan maƙwabcinka wadda reshenta ke leƙo katanga ƙasa-ƙasa, kuma na san halin da gwiwarka ke ciki. Idan can ka ɗebo don sauƙi, ka faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba. Ko kuwa ka yi wa bishiyar feshin magani? Ba gardama nake nema ba, dalili nake nema.

Ka sake aiko mini da wani, kuma wannan karon a kula.

Auta

21 ga Maris

Dakta,

Lafiya lau nake, tunda ba ki tsaya jin amsa ba. Kunne ne ya tafi, hankali yana nan.

"A kula." Sau uku na karanta wannan layin, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Shekara talatin ina ciyar da mutane ɗari biyu a kullum, masu ciwon suga da masu jego da waɗanda aka yi wa aiki jiya, ba a taɓa kawo ƙarar cikin mutum ɗaya daga kicin ɗina ba. Yau yarinyar da na taɓa share wa majina ce ke ce mini a kula.

Gwaibar maƙwabci fara ce, tamu ja ce, ko makaho ya shinshina zai bambance. Ban taɓa tsinkar abin wani ba tare da na tambaya ba, wannan sana'ar ta masu digiri ce. Feshi kuwa, mai bishiyar ba ta yarda da shi ba tana raye, ba zan fara don ta kwanta dama ba.

Na sake yi. Na hau tsani da wannan gwiwar, na zaɓi ganye ɗaya-ɗaya. Tunda tsabtata ake tuhuma, sau uku na wanke shi, kuma na bar shi a jiƙe ya fi na farko daɗewa. Wanda ya samu datti a wannan garin da shi ya zo.

Bari in ba ki shawara kyauta. A kicin, idan miya ta yi daɗi sau ɗaya ta ƙi maimaituwa, ba mai sayar da kayan miya muke tuhuma ba, mai dahuwa muke kallo. Farfesan nan naki ban san shi ba, amma ina jin da za mu haɗu da mun shirya.

Kuku

11 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa don an koya mini gaisuwa.

Gishiri ne.

Gari na biyu ya fi na farko muni, ko gama ɗigawa ban yi ba kwalbar ta yi fari fat. Sai na daina zargin ruwa da kwalabe na auna garin shi kansa. Na'ura ta nuna abin da na kasa yarda da shi, har na yi abin da aka hana mu yi tun ajin farko, na lashi yatsa na dangwala na sa a harshe. Gishiri ne, Kawu, na girki. Azurfa ba ta haɗuwa da gishiri ta bar wa ganye komai, nan take suke dunƙulewa su kwanta. Kuma tunda niƙaƙƙe ne ba ni da hanyar raba su.

Gishiri ba ya hawa bishiya da ƙafarsa. Hannu ne ya zuba, sau biyu, na biyun ya ninka na farko, bayan na gaya maka da bakina cewa korata za a yi. Ka karanta wannan ka je ka ƙara. Sannan ka zauna ka rubuto mini cewa mai dahuwa ake kallo.

Da ka ce ba za ka aiko ba, da na ji haushi na nemi wata hanya tun Janairu. Amma ka zaɓi ka sa gishiri a kwalba ka liƙe da kyau ka aiko da gaisuwa. Minti arba'in a kan bishiya, shi ne ka rama da shekara huɗu na rayuwata. Rigimarka da Mama ba ni na haɗa ta ba, ina aji uku na firamare kuka fara.

Kullum kana fakewa da Inna, ita ta dasa, ita ba ta hana kowa. Gaskiya ne, ba ta hana kowa. Da tana raye da ta ji kunyar abin da ka yi da bishiyarta. Ka riƙe ganyenka, ba na so. Zan shiga gaban kwamiti da gaskiyata, in sun kore ni ka samu abin da kake nema.

Auta

15 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya sa wannan ta riga waccan isa, ko da yake na san ba haka gidan waya ke aiki ba. Idan ba ka buɗe ta ranar sha ɗaya ba, ka yaga.

Jiya na kira Mama ina kuka, na ce ka zuba mini gishiri a ganye. Na zaci za ta taya ni faɗa, don ba ta rasa abin faɗa a kanka. Sai ta yi dariya. Ta ce ai Kuku ko tuffa aka ba shi sai ya jiƙa ta a ruwan gishiri kafin ya ci, haka ya yi wa latas da kabejin asibiti shekara talatin, kowa a dangi ya sani. Ni kaɗai ce ban sani ba. Na ɗauko kwafin wasiƙata ta farko, ga shi nan da rubutuna, ka yi yadda ka saba. A wurinmu in an ce wanki, tataccen ruwa ake nufi ba wani abu ba, har na manta akwai wani wankin a duniya. Na so in yi maka daɗin baki ne don ka yarda, daɗin bakin ya cinye mini wata uku.

Ban janye cewa kana da baƙar magana ba, kana da ita. Amma mugunta da na ɗora maka ƙarya ce, kuma abin da na faɗa game da Inna bai kamata ya fito daga bakina ba. Ka yafe mini.

Ranar gaisuwa kuma, ga amsar da na hana ka. Ina shekara tara kwalba ta yanke ni a tsakar gidanka, Inna ta tafasa ganyen nan ta wanke mini ƙafa kwana biyar har ta warke. Daga nan aikin nan ya samo asali. Da na zauna a falo na ga kujerarta ba kowa, na ji zan yi kuka a gaban baƙi, sai na fita. Tsinkar ganyen ba tare da izini ba rashin kunya ne, na yarda.

Saura kwana arba'in da biyar. Ka tsinko, kada ka wanke, kada ka niƙa, ka shanya a inuwa kawai. Ina roƙonka.

'Yarka,
Auta

26 ga Afrilu

Auta,

Takardarki ta ranar sha ɗaya ta same ni shekaranjiya Litinin, ina lafiya kafin in buɗe ta.

E, gishiri ne. Cokali biyu a kwano ɗaya na ruwa, minti goma sha biyar, a tsame a tsane. Haka aka koya mini, haka na koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina, haka na wanke duk ganyen da ya shiga bakin matata har ranar da ta daina ci. Kin ce in yi yadda na saba, na yi. Da kika ce a kula, na ƙara cokali ɗaya. Ban san azurfarki ba ta shiri da gishiri ba, ba a koyar da wannan a kicin. Ke da kika sani ba ki faɗa ba.

An zage ni a rayuwa. Likita ya taɓa jifa na da faranti. Amma ba wanda ya taɓa cewa na sa wani abu a abin da na ba shi don in cuce shi. Sai ke. Kuma kika tono matata kika kafa ta shaida a kaina.

Kin ce in riƙe ganyena. Na duba na ga ba na son riƙe shi. Tun da takardarki ta zo, in na leƙa taga na ga bishiyar, ba ita nake gani ba, maganarki nake ji. Jiya Talata da safe na ɗauki adda. Gwaiba ba ta da kauri amma tana da taurin kai, sai da azahar ta faɗi. Na ja rassan na tara a gindin katanga. Gishirin da ya rage a gidan na juye wa kututturen don kada ya yi tunanin tohowa.

Yanzu ba abin da zai sake haɗa ni da ku. Ki gaya wa uwarki gwiwa ta kumbura, tunda tana son labarinta.

Kuku

8 ga Mayu

Auta,

Ina fata kina lafiya. Ni ina kwance tun wancan makon, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

Takardarki ta biyu ta zo ranar Asabar, kwana huɗu bayan na gama aikin da na gaya miki. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Ba zan ce miki na yafe ba, don ban sani ba tukuna. Ba zan kuma ce ki yafe mini ba, don ba bishiyarki na sare ba. Abin da na yi ni na yi wa kaina, kuma kullum da safe ina buɗe labule ina ganinsa.

Rassan sun yi kwana huɗu a rana, na sama duk sun ƙone sun murƙushe. Na durƙusa na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasan tarin akwai waɗanda rana ba ta kai gare su ba, sun yi yaushi amma da sauran korensu. Su na tsince. Katangar tana da nisa da kututturen, kuma ba a yi ruwa ba, don haka gishiri bai je wurin ba. Na sa safar hannu sabuwa, tunda ban yarda da hannuna ba. Kwana tara suka yi a ɗakin baƙi.

Na auna a sikelin kicin sau biyu, giram arba'in da biyu. Kin ce goma kike sa wa kowane gwaji, kwamiti na son uku. Kina da damar kuskure sau ɗaya. Bayan wannan babu wani, ko a wurina ko a wurin kowa.

Ban wanke ba, ban niƙa ba. Akwai ƙasa a jiki, akwai kashin tsuntsu a wasu, na ga har da gizo-gizo ɗaya da ya mutu a ciki na bar miki shi. Tun da na fara aiki ban taɓa miƙa wa mutum ganye da datti ba sai yau, kuma hannuna bai so ba.

Ke za ki wanke da irin ruwanki. Idan ya yi kalar shayi, kada ki rubuto mini godiya. Idan kuma ya sake yin fari, wannan karon ki shiga gaban kwamitin ke kaɗai, ba ki da Kawun da za ki ɗora wa.

Kuku